Ƙi Gudu a Galafagos, Sa Gudu Bai Zo Ba

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba. Mutum da hankalinsa ya tara daloli, ya ƙetare rabin duniya, ya cusa kansa cikin ɗan jirgin ruwa yana layi kamar ya sha wani abu, wai don ya je kallon ƙadangare! Ga Alhaji can har ya fara nuna katangar gidansa, yana cewa nasa ƙadangarun kyauta ake kallonsu, har da gyaɗa kai suke yi wa baƙo.

To, a gyara zama. Wurin sunansa Galafagos, tarin tsibirai ne a tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar Ekwado, ƙasar da ta mallake su tun 1832. Wuta ce ta amayo su daga ƙarƙashin teku, kuma har yau ba ta gama aman ba: dutsen Siyera Negra ya yi nasa a 2018, Wolf a 2022, La Kumbre na tsibirin Fernandina a 2024. Baturen farko da aka san ya taka wurin, babban limamin Kirista na Fanama, Tomas de Berlanga, a 1535, ba da son ransa ya je ba. Iska ta ɗauke, ruwa ya ja jirginsa, ya sauka yana neman abin jiƙa maƙoshi da ƙyar, sannan ya rubuta wa sarkin Sifaniya cewa wurin tsabar duwatsu ne marasa amfani. Kun ga ashe ra'ayin naku yana da limami, sai dai ya riga ku da shekara kusan 500.

Abin da ke kai mutane can ba girman dabbobin ba ne kawai, rashin kunyarsu ne. Dabbar Galafagos ba ta gudun mutum. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma a nan maganar ta zauna daram: tsibiran sun yi nisa da kowace nahiya, babu zaki, babu kura, babu dila da ya iya iyo ya isa, don haka zuriya bayan zuriya ba wanda ya koya musu tsoro. Doka ta ce ka bar tazarar mita 2 tsakaninka da kowace dabba. Matsalar ita ce dabbobin ba su karanta dokar ba. Zakin teku, wata dabbar ruwa mai gashin baki da santsin jiki, yakan hau bencin da aka kafa wa fasinjoji a bakin tashar jirgi ya miƙe ya yi barcinsa, kai mai tikiti ka tsaya a rana. Charles Darwin, da ya yi mako biyar a tsibiran a 1835, ya ba da labarin yadda ya ture shaho daga reshe da bakin bindiga, shahon bai ga dalilin tashi ba. Malam, sauke yatsanka, ba gardamar Darwin muka zo yi ba yau. Shaida kawai na kira shi, ya faɗi abin da ya gani ya koma.

Shi kuwa ƙadangaren da kuke rainawa, iguwanar teku ake ce masa, kuma duk duniya shi kaɗai ne ƙadangaren da ke shiga teku kiwo. Baƙi ne ƙirin, kalar dutsen da yake kwance a kai, har ka kusa taka shi ba ka lura ba. Yakan nutse cikin ruwan sanyi ya kankari gansakuka a jikin duwatsu, ya fito jiki a sandare, ya baje a rana shi da ɗaruruwan 'yan'uwansa, wani kan wani, suna atishawa. Ba mura ba ce. Gishirin da suka haɗiya ne suke fesowa ta hanci, har ya bushe ya yi musu farar hula a ka. Alhaji, na katangarka wanne ya taɓa yin wannan?

Akwai tsuntsu mai shuɗin ƙafa, wanda namijinsa ke neman aure da ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a gaban mace, a gani a yaba. Akwai wani tsuntsun ruwa a tsibiran Fernandina da Isabela da fukafukansa suka ƙanƙance har ya daina tashi, amma bai fasa shanya su a rana ba, don kada a ce ba shi da su. Akwai ma fengwin, tsuntsun da kowa ya sani da ƙasar ƙanƙara, zaune a kan layin da ya raba duniya biyu, saboda igiyoyin ruwan sanyi na Humboldt da Cromwell da ke ratsa wurin.

Sai ku ce, to mun ji, amma me ya sa sai ƙaramin jirgi? Mai kuɗi ai babban jirgi ya kamace shi, mai bene bisa bene. A nan ne hukumar wurin ta riga ku. Tun 1959 aka mayar da kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran gandun da gwamnati ke karewa. Ba ka sauka inda ka ga dama, ba ka kauce wa turbar da aka shata, ba ka taka wuraren ziyara sai da jagora mai lasisi, shi kuma ba ya jan fiye da mutum 16. Jirgin yawon buɗe ido mafi girma da aka yarda ya zagaya tsibiran bai wuce fasinja 100 ba. Shi ya sa jiragen mutum 16 suka yi yawa: jirgi guda, jagora guda, a sauka tare a dawo tare, ba jiran layi. Kuma wurare irin su Fernandina da Henobesa sun yi nisa da garuruwan da ake kwana, sai wanda ya kwana a ruwa ke isa. Da dare jirgi ke tafiya, gari na wayewa ka leƙa ka ga wani tsibirin daban, wani baƙi, wani ja, wani narkakken dutsensa ya daskare a murɗe kamar jiya aka zuba, alhali na gaɓar Sullivan a tsibirin Santiyago ya haura shekara 100. Daga nan a ɗebe ku a kwalekwalen roba mai inji, da suke kira fanga. Wani wurin akwai dutsen takawa, wani wurin kuwa cikin ruwa za ka dira har gwiwa. Yallaɓai, babbar riga da hula ƙube a bar su a ɗaki.

Inda kuke da gaskiya, zan ba ku abinku. Hoton nan na jirgi ya baza fararen ƙyallayensa iska na tura shi, rana na faɗuwa a bayansa, yawanci na talla ne. Iskar wurin ba ta da alkawari, ita ce fa ta yaudari Berlanga, kuma hukuma ta ƙayyade wa kowane jirgi ranar da zai isa kowane wuri. Don haka inji ne ke yin aikin, ƙyalle na ado, sai in an dace. Ɗakin kwanan ma ƙunci gare shi, gado kan gado. Daga Yuni zuwa Nuwamba teku na tashi, ƙaramin jirgi kuwa ya fi babba rawa, kuma tashin zuciya bai san mai muƙami ba. Wanda ya san cikinsa ba shi da ƙarfi ya nufi Janairu zuwa Mayu, lokacin zafi da kwanciyar ruwa.

Ban manta da kunkuru ba, mai gidan ne, shi ya ba tsibiran sunansu. Wani ya haura kilo 200, ya kuma wuce shekara 100 a duniya. Haƙurinsa ne ya jawo masa: yana iya watanni ba ci ba sha, don haka matuƙan jiragen da ke farautar manyan kifayen teku suka riƙa jibge su a cikin jirgi a matsayin nama mai rai, dubbai bisa dubbai. Na tsibirin Finta saura guda ya rage, George, wanda aka yi ta kawo masa mata ba a samu ko ɗa ɗaya ba, har ya mutu a 2012, gidansu ya rufe. Na Esfanyola kuwa sun ragu zuwa 14, mata 12 da maza 2, sai aka ɗauko wani mai suna Diego daga gidan namun dajin San Diego ya zama namiji na uku. Bawan Allah bai yi wasa da aikin ba. Da aka sallame shi ya koma gida a 2020, danginsa sun kai wajen 2,000, ɗaruruwa daga cikinsu nasa ne. Na ga masu shakka sun yi tsit, wasu har suna murmushi. Ashe akwai dabbar da kuke girmamawa.

Ga wanda zai ɓata muku rai. Awakin da mutane suka kai tsibiran sun yaɗu, sun cinye ciyawar kunkuru ƙarƙaf. Tsakanin 1997 da 2006 aka shirya musu yaƙi, har da maharba a jirage masu saukar ungulu. Da suka rage 'yan kaɗan masu wayon ɓuya, sai aka riƙa ɗaura wa wasu awakin na'ura a wuya a sake su, su nemo 'yan'uwansu, maharba na biye. An kashe sama da 140,000, mafi yawa kuma a nan aka bar su suka ruɓe. Hajiya, yi haƙuri, sha ruwa. Na san lissafin da kike yi, ni ma na yi shi.

Kuɗi fa? Tun Agustan 2024 baƙo baligi na biyan dala 200 kuɗin shiga kawai, ninkin na da, ban da dubban dalolin jirgin, ban da tikitin zuwa Kito ko Guwayakil, biranen Ekwado da ake tashi daga cikinsu zuwa tsibiran. Duk da haka waɗanda suka je a 2023 sun haura 300,000, a wurin da mazaunansa ba su cika 30,000 ba. In har kun sauko daga kan bakanku, ku sani tun a filin jirgi ake binciken kaya, don tsibiran sun sha wahalar baƙin iri da baƙin ƙwari, ba sa son ƙari. Ba na jin kilishin Alhaji da goron da ke aljihunsa za su tsallake. A cinye su a Guwayakil.