Takalmin Ofis: Nasiha ga Ma'aikaciyar Oko-Oba

'Yar uwa, an ce kin samu aiki a sakatariyar Alausa da ke Ikeja. Barka da arziki! Saura takalmi. Kafin ki zaro kuɗi, ki sani ofis ba ruwansa da abin da kika taka, hanya ce mai jarrabawa.

Na farko, ƙwas-ƙwas. In ranki ya biya da mai tsinin nan kamar basilla, ki saya. Amma ki fara gwada shi a bakin mayankar Oko-Oba, da sassafe, bayan ruwan watan Yuni ya kwana yana zuba. In kika tsallake taɓo da kashin shanu, kika kauce wa mai baro, dunduniyar ba ta nutse ba, to ki zo mu ba ki sarautar Sarauniyar Tsini.

Na biyu, gudu. Danfo, motar hayar nan, ba ya tsayawa, sassautawa kawai yake yi, kwandasta na rataye a ƙofa yana ihun "Ikeja! Ikeja!" Ga shi tun 2022 aka hana acaɓa a Ikeja, ragowar tafiyar ta ƙafa ce. Duk takalmin da ba zai bi danfo ba, ki ajiye shi sai ranar biki.

Na uku, saye. In kasuwar Katangowa kika nufa wajen 'yan gwanjo, ki je da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, a nan take faɗin gaskiyar lambarta. Mai kaya zai rantse daga Italiya ya zo. Ki lanƙwasa shi, ki duba ɗinkin. In na Aba ne mai ƙwari, ba abin kunya ba ne. In kuwa ya matse ki aka ce "zai buɗe, Hajiya", ƙafarki ce za ta buɗe.

Na huɗu, sirri. Ƙarar tsini a kan tayil sanarwa ce ga oga cewa kin makara. Sau-ciki mai taushin ƙasa shi ke shigar da ke kamar kyanwa. Ki guji mai igiyoyi bakwai kuma, kada ki zauna kina kwance shi don alwalar azahar a kira la'asar.

Na biyar, ki ƙulla zumunci da shumekan layinku. Ranar da dunduniya ta fita, shi ne ɗan uwa na kusa.

Dabarar manya kuwa ita ce takalmi biyu: silifas a ƙafa, sau-ciki a leda cikin jaka. Ki canja a bakin get, ki goge ƙura da bakin hankici, ki shiga kamar wadda direba ya sauke. Sai dai ki tabbata kin canja duka ƙafafun biyu.

Mai kallo yabo kawai zai yi ya wuce, ke za ki kwana kina gasa ƙafa da ruwan zafi. Ki sayi daidai ƙafarki, Hajiya.