Burtu Ba Ya Gaisuwa

Gauraki biyu aka ce sun sauka a fadamar da ke bayan garinmu Zurmi, ta wajen Gulbin Bunsuru, ni kuwa na rantse sai na ɗauke su hoto. Kada a ga gaggawata. Tsuntsun nan mai tukkun zinariya da farin kunci, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, yau ka fi saurin ganinsa a farfajiyar mai kuɗi an datse masa fiffike da ka gan shi a dawa. Kamu don sayarwa da nome fadamu sun kusa ƙarar da shi a ƙasar nan, kuma tun 2010 ƙungiyar IUCN ta saka shi cikin tsuntsayen da ake tsoron ɓacewarsu. Masana na cibiyar A.P. Leventis da ke Jos suna da na'urar da za ta ɗauko ƙwayar idon tsuntsu daga hayin gulbi. Ni abin da na samo aro a Kaura Namoda kyamarar biki ce, wadda sai amarya ta matso take fita. Dole in kusance su.

In na yi taku ɗaya, su yi biyu. Ba su tashi ba, ba su kuma yarda ba. Wani tsohon maharbi da ke ban ruwa a lambunsa ya gaji da kallona ya ce, "Ɗan nan, mi kaka yi haka? Ka nufe su tsaye ƙiƙam kamar mai karɓar haraji, wa ka tsaya maka?" Nan take ya aiki jikansa gida ya ɗauko kan burtu.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Kan burtu ne na gaske da ƙaton bakinsa, an ɗora shi a kan dogon wuya na itace, an naɗe da baƙar fata, an manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi da tsirkiya, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sara ƙasa, namun dawa su ɗauka burtu ne ke kiwo, har ya iso inda kibiya za ta kai. Tsohon ya ce rabonsa da ɗaura shi tun kafin daji ya sami wasu masu shi. Ya ɗaure mini tamau har jijiyar kaina na harbawa, ya yafa mini bargon da yake shanya barkono a kai.

"Taku ukku, ka sari ƙasa. Ka waiga hagu, ka waiga dama. Kuma ka mance kai mutum na. In ka tuna, su ma tunawa za su yi."

Wallahi abin ya fara ci. Na duƙa, na yi taku uku, na sari ƙasa. Barkono na cin idona, laka na cinye mini takalmi, gaurakin kuwa ko ɗago kai ba su yi ba. Har na fara jin wani irin alfahari. Na ƙara salo, ina ɗan karkata wuya, ina yin wani gurnani a maƙogwaro wanda ba wanda ya koya mini.

Sai na ga ƙafafu. Ta ƙarƙashin bargo na gan su, a kan 'yar turbar da ke ratsa fadamar: takalmin fata ruwan ƙasa mai ɗinki a madaurin hagu. Na san takalmin nan. Ni na saye shi da ƙaramar salla, ni na kai shi da hannuna, na durƙusa na ajiye. Surukina ne, mahaifin matata, ya taso daga gonar shinkafa da abokansa dattawa biyu da ayarin jikoki a baya.

A nan ne hankali ya kamata ya ce mini in ci gaba da zama burtu. Bargo ya rufe ni, ba wanda ya ga fuskata. Amma tarbiyya ta riga hankali. Suruki ba a wuce shi, kuma ga ni dama a durƙushe. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Baba, ina wuni," na sunkuyar da kai irin na ladabi. Bakin burtun nan ya sauko ƙwas a kan babban yatsansa.

Na sare shi. Na sari surukina a ƙafa, gaban abokansa. Ya ja da baya yana salati, na ɗago da sauri in ba da haƙuri, bakin ya ɗauko gefen babbar rigarsa ya ɗaga sama. Na sake sunkuyawa in sauke rigar, na sake saran ƙasa. Duk wanda ya hango daga nesa zai rantse kiwo nake yi a gindinsa. Bargo ya zame. Muka haɗa ido, ni da shi, da jajayen idanun burtu a tsakaninmu.

Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi abin da ke goshina, ya ce a hankali, "Lahiya lau, Malam. Sannu da aiki." Ɗaya dattijon ya tambaye shi, "Alhaji, wannan shi na malamin makarantar da kac ce?" Ya ce, "Shi na." Suka wuce. Sannu da aiki! Tun jiya kalmar nan take dawo mini, ko a cikin salla.

Ihun jikokin ne ya tashi gaurakin. Na danna kyamara a makance, abin da ya fito rabin jakin wani ne da belbela ɗaya, irin wadda ke bin kowane garke a Zamfara.

Maharbin ya iso yana girgiza kai, ransa a ɓace, ba don ni ba, don sana'a. "Ka ɓata aiki, ɗan nan. Saura kaɗan. Ina ka taɓa ganin burtu ya gai da mutum?" Na ce, "Baba, surukina ne fa." Ya ce, "To, burtu na da suruki?" Sannan ya ba ni shawara ta ƙarshe: gobe in dawo da asuba, amma in zo da matata, domin burtu bibbiyu suke kiwo, shi ya sa gaurakin suka yi ta zargi.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Matata ta ajiye mini tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko dai tsaba za ta watso. An ce ranar Alhamis har kasuwar Shinkafi zancen zai kai. Yaron da ya ɗauki abin a waya, na ga fuskarka kuma na san gidanku. Don girman Allah ka goge.