Amarya Threads da Uwargida Twitter

A watan Yulin 2023 Mark Zuckerberg ya yi wa Twitter kishiya, ya raɗa mata suna Threads. Cikin kwana 5 mutum miliyan 100 suka yi rajista. Samarin unguwar Nima a Akra ma sun je ganin amarya. A majalisar shan ataya kowa ya buɗe, ya yi sallama, ya zauna jiran amsa. Kafin ataya na biyu ya tafasa an koma inda ake zage-zage, don amarya ta cika ladabi, kuma ba wanda ke sayen data don kallon ladabi.

Uwargida, wadda ta zaɓi Akra a 2021 don kafa ofishinta na Afirka, kishi ya sa kafin watan Yulin 2023 ya ƙare ta koma X.

Hajiya mai waakye a unguwar Maamobi kuwa ba ta ma san an ɗaura auren ba. Sanarwar suna, ta'aziyya, adashi da tunin bashi duk a WhatsApp take aikawa, da murya, minti bakwai. Shida gaisuwa ce. Wanda ya kashe kafin na bakwai, ba zai san nawa ake binsa ba.