Sauko Daga Kan Sifanar Nan, Alhaji

Na san ku, masu cewa babu notin da ya gagari ƙato. Da an ce noti ya cije a gindin salansa, sai ku naɗe hannun riga, ku zura bututun ƙarfe a ƙotar sifana, ku hau da ƙafa biyu. To, sannunku da aiki. Ga kan notin nan ya koma sumul, kusurwa shidan duk kun cinye, sifana sai zamewa take yi.

Tsatsa ce fa ta riƙe notin. Wani zai ce, "Malam, ina tsatsa a Kiyawa, inda rani ya fi damina tsawo?" Ranka ya daɗe, ai ba a Kiyawa aka haifi Golf ɗinka ba. Kafin ta sauka Kwatano ta daɗe tana bin titunan Turai, inda ake watsa gishiri lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Da tsatsarta ta zo, ruwan Agusta ƙari ne kawai. Ita kuwa tsatsa kumbura take yi, ta cike tsakanin haƙoran noti, ta riƙe gam.

Ga kuma aikin yaron gareji. Inda Jamusawa ke sa noti mai lamba 13, mutanen Japan 12 suke sawa. Yaro ya saba da Golf da Sharan, aka kawo Toyota, ya ɗora 13 a kan 12, wai ai ta shiga. Ta shiga mana. Hular baba ma tana shiga kan jariri.

Tsohon bakanike a bakin hanyar Shuwarin zuwa Azare ba ya wannan kokawar. Zai kankare wurin, ya ɗiga man birki ko kananzir, mai hali ya fesa WD-40, ya ɗan bubbuga da guduma, ya tafi sallar azahar. In ya dawo, ɗaurewa zai fara yi kaɗan kafin ya kwance, don tsatsar ta tsage. Dariya kuke yi? Ku yi abinku.

In kan ya riga ya lalace, sai ya kafa cizil a gefe yana bugu ta wajen kwancewa. In ya ƙi, a kira mai walda ya liƙa sabon noti a kan tsohon: sifana ta sami wurin kamawa, zafin kuma ya farfasa tsatsar. Sai dai a goge man, a cire kan batir, a duba inda fetur ya bi, kada a je cire noti a dawo da toka.

Har yanzu ina jin gunaguni daga baya, wai ɓata lokaci ne, fasinjojin kasuwar Shuwarin na jira. To hau bututunka, Alhaji, ka ƙara da yaron motarka. In ya karye a cikin injin, sai an huda guntun an sake yanka haƙora, fasinjoji kuwa tuni sun shiga motar baya. Ka dai tanadi igiyar da za a ja ka zuwa Dutse.