Tukwicin mai babur

Mu fa ba marowata ba ne, a fara da wannan. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ba a mayar da kwano haka nan. Maƙwabciya ta aiko yaro da ɗan wake ko dambu, a juye, a wanke kwanon, a jefa wani abu a ciki ko da sabulu ne, shi kuma ɗan aiken a damƙa masa nasa a hannu. Ranar rabon naman layya yara har kokawa suke yi a kan wa za a aika gidan wa, domin sun haddace gidajen unguwa kaf: gidan da ake ba da sabuwar takarda, gidan da ake ba da alawa, da gidan da sai dai "a gaishe ta, Allah ya maimaita mana". Masu kai lefe kuwa ba a maganarsu. In tukwicinsu ya yi ƙaranci, sai a shekara ana zancen a dangi. Ko albishir ka yi wa mutum, kafin ya ji me ya faru ya riga ya ce maka goro. Mutanen da ke biyan wanda ya kawo musu labari, ta yaya za a ce hannunsu a dunƙule yake?

To amma a bi mu gidan abinci a sha kallo. Mutum huɗu sun share faranti, an sha lemo, an yi sakace. Ana kawo takardar kuɗi rigima ta tashi. "Wallahi Alhaji ba za ka biya ba." "Haba, a garinmu? Mayar da hannunka." Wannan ya riƙe hannun rigar wancan, wancan ya ture katin wannan, na uku yana ta laluben aljihu a hankali yadda ba zai riga kowa samo komai ba. Duk wannan budurin sabis na tsaye a gefe da na'urar POS a hannu, shi da ya yi ta safa da marwa, ya canza cokali, ya ƙaro yaji, ya mayar da lemon da aka ce bai yi sanyi ba. A ƙarshe wanda ya yi nasara ya biya dubu goma sha takwas da ɗari bakwai cif, ya karɓi rasit, ya ce "sannu da aiki, ɗan samari", aka kama hanya. An yi rantsuwa a kan dubu goma sha takwas, ɗari biyar ta gagara.

Telan layinmu yana da bayanin wannan, kuma ni na gamsu da shi. Ya ce mu a cinikinmu ƙari wajen mai saye yake gangarowa. Mai tsire ya yanko maka ɗanɗano tun kafin ka ce na nawa. Mai waina ta ƙirga goma ta ɗora ɗaya. Mai nono ta ƙara ludayi, mai awo ya tallabe tiya da hannu don ta yi tozo, kai ma ɗin ba ka tafiya sai ka ce "ba gyara?" Da wannan tarbiyya muka girma. Sai rana tsaka a ce wai bayan ka biya kuɗin abinci kai ne za ka ƙara. "Ni zan yi wa mai abinci gyara?" in ji shi. "Duniya ta juya kenan." A wurinsa tukwici na wanda ya kawo maka abin da ba ka saya ba ne. Abin da ka sa kuɗinka kuwa, ciniki ne, an gama.

Duk da haka akwai wata 'yar ƙofa da muka daɗe da bari a buɗe, ita ce "bar canjin". Ba wanda ya taɓa zama ya lissafa kashi nawa cikin ɗari ne. Ka ci na ɗari takwas, ka miƙa dubu, yaro ya tafi neman ɗari biyu ya daɗe, ka ɗaga masa hannu ka ce ya sha ruwa. Rabi kyauta, rabi gajiya da jira, amma dai ta shiga aljihunsa. Wannan ƙofar ce ta rufe ba tare da kowa ya yi shela ba. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya, zamanin Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1000, farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Kowa ya tuna layin banki da layin masu POS. A watannin nan ne mai shayi da mai ƙosai suka liƙa lambar asusu a jikin tebur, OPay da Moniepoint suka shiga bakin tsofaffi. Kuɗi sun dawo daga baya, amma hannu ya riga ya saba da waya. Tiransifa kuwa ba ta da canji. Kana rubuta 4,300, dubu huɗu da ɗari uku ce za ta tafi, kuma asusun mai gida za ta faɗa. In kana son yaro ya samu sai ka tsaya ka tambaye shi lambarsa a gaban mutane, ya karanto, ka maimaita, netwok ya tsaya, duk a kan ɗari uku. Mutum nawa ne za su yi?

Ga kuma kunya, wadda ita ce babbar mai cinye haƙƙin yaran nan. Takardar dubu ɗaya tun 2005 ta fito, har yau ita ce babba, alhali abin da take saye ya zube. Naira hamsin yanzu ko almajiri ka ba sai ya ƙara duba hannunsa. Sai mutum ya tsaya yana shawara da zuciyarsa: ɗari biyu ta yi kaɗan, kar ya raina ni, dubu ta yi yawa, wata bai yi nisa ba. Kafin ya yanke ya isa bakin ƙofa. Tsoron kar a ce mun ba da kaɗan ya sa ba ma ba da komai, shi kuwa yaron da za a tambaye shi, ɗari biyun yake so.

Akwai dai lokacin da hannunmu ke sakuwa, kuma duk mun san shi. Saurayi ya fito da budurwa, ko ango da amarya a satin farko. Ranar nan za ka ga an zaro sabbin takardu an ajiye a faranti a hankali, yadda za ta gani. Sabis ɗin ma sun gane. Teburin masoya suke rububi, teburin dattawa huɗu masu manyan riguna kuwa sai a tura sabon yaro.

Inda gardama ta fi zafi a majalisar layinmu shi ne batun masu kawo abinci gida a babur. Sana'ar ba ta daɗe ba amma ta kama gari. A Legas da Abuja akwai manhajoji irin su Chowdeck da Glovo; Jumia Food da Bolt Food kuwa sun naɗe tabarmarsu daga Najeriya a Disambar 2023, abin da ke nuna ribar harkar ba ta kai yadda ake hange ba. Mu a nan Kano abin ya fi tafiya ta WhatsApp da Instagram. Mace na cikin gidanta a Hotoro ko Kabuga tana soya samosa, tana naɗe shawarma, ta ɗora hoto, ki gani ki yi oda, ta ce "kuɗin dilibari daban". Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, babur ya rage hayaniya a titi. Yanzu ga shi da akwati a baya, kaya yake ɗauka.

A duba yadda muke yi da mai babur ɗin. Da farko kwatance: "Ka san masallacin Juma'a? To ba nan ba. Ka wuce, za ka ga taransifoma, ka sha kwana, gida mai jan get." Layin kuwa gida uku ne masu jan get. Ya kira, da katinsa. Ya sake kira, ba a ɗauka ba, Hajiya ta tayar da salla. Ya kafe babur a rana yana jira, wata odar na hucewa a akwati, mai ita na ta kiransa tana faɗa. Can a turo yaro ya karɓo leda. Yaron nan da ya ɗauko ta daga bakin get zuwa falo, taku ashirin, shi za a yagar wa cinyar kaza a ce Allah ya yi albarka. Wanda ya keto gari da ita tun daga Zoo Road kuwa an ce a ce masa an gode.

Wata maƙwabciyarmu, malamar makaranta, ta ce ita ba ta ga laifinta ba. "Na biya kuɗin abinci, na biya kuɗin kawowa. Na ukun na mene ne?" Magana ce mai kan gado, sai dai tana ɗauka kuɗin kawowar aljihunsa suke shiga gaba ɗaya. Da yawansu babur ɗin ba nasu ba ne. Ko na kamfani ne ana biyansu albashi ko kaso, ko na wani ne suna kai masa balas. Ga mai. Kafin Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin 2024 ta ƙare ta haura dubu. Duk kwanar da ya sha yana neman jan get, daga wannan man ne. Ni a nan na rabu da tela. Sabis na gidan abinci a ce ciniki ne, na ji. Amma mai babur ɗan aike ne sak, irin wanda kakanninmu ba sa bari ya juya hannu rabbana. Tukwicin da ake ba yaron maƙwabta ai ba kuɗin dambu ba ne, na ƙafarsa ne. Don an sayi abincin ba shi ya rage nisan hanyar ba.

Wani dattijo da ɗansa ke karatu a Amurka shi kuma tsoronsa daban. Ya ce mu yi a hankali, kar mu jawo wa kanmu abin da ya fi ƙarfinmu. Can a gidan abinci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake sa ran ka ɗora, in ba ka yi ba ka yi abin kunya. Dalili kuwa dokar tarayyarsu ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, ko da yake wasu jihohin sun ɗaga nasu. Wato mai gida ya sauke albashin yaransa a kan mai cin abinci. Yanzu har wurin da za ka tsaya da ƙafarka ka karɓi kofi sai a juyo maka da allo ka zaɓi kashi nawa za ka ƙara, mai sayarwa na kallonka. Su kansu sun fara ƙorafi. A Japan kuwa ba a yi sam, ka bar kuɗi a tebur a biyo ka da su. Dattijon ya ce shi Japan ɗin ta fi kwanta masa. Aka yi dariya, don an san shi.

Amma tsoron nasa ba na banza ba ne, don alamun sun fara. Shiga manyan wuraren cin abinci na unguwar Nasarawa ko na Abuja ka karanta rasit har ƙasa. Ga harajin VAT na kashi 7.5, wanda aka ɗaga daga 5 a 2020, a wasu wuraren kuma ga wani layi wai kuɗin hidima. Wa yake karɓar wannan? Ka tambayi yaron da ya yi hidimar, sau da yawa murmushi kawai zai yi. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun 2024, kuma ba sai an yi bincike ba kowa a unguwa ya san yaro ko yarinyar da ke aikin gidan abinci a ƙasa da haka. In za a sa mini kuɗin hidima a takarda, to a bar shi ya isa hannun mai hidimar. In ba haka ba a cire, in ba shi da kaina, in ga ya sa a aljihu.

Sai kuma masu tambaya da baki, waɗanda ke ɓata wa sauran. Ka fito, mai gadi ya ƙame ya sara maka har sau biyu: "Ranka ya daɗe, yaranka na nan fa." Wanda ya nuna maka wurin ajiye mota, a filin da ba kowa, shi ma ya matso yana shafa ƙeya. Mu kuwa da an roƙa abin ya fita daga kyauta, ya koma wani abu mai kama da na shingen hanya, sai rai ya ɓaci. Mutumin da zai je Makka ya bi masu sharar Harami yana cusa musu riyal ba su tambaya ba, shi ne zai ɗaure fuska a nan ya ce ba canji. Kuma da gaskiyarsa, ba canjin.

Matan layinmu dai sun riga mu samo dabara, kamar kullum. Wata ta ce ita tana ajiye 'yan ɗari biyu-biyu a cikin gwangwanin madara a bayan ƙofa, na masu kawo saƙo ne kawai, ko maigidan bai san da su ba. Wata ta ce in rana ta take, ruwa mai sanyi take fara miƙawa da yaro, in da azumi ne a haɗa da dabino da ƙosai a leda. Wata kuma in za ta tura kuɗin kawowa kai tsaye ga mai babur sai ta cike shi, dubu ɗaya da ɗari biyu ta koma dubu ɗaya da ɗari biyar. Ta ce tun da ta fara haka ba ta ƙara yin kwatance ba, suna ganin lambarta sun san gidan, kuma miyarta ba ta ƙara zubewa a hanya ba. Tela ya ce to ai wannan ba tukwici ba ne, toshiya ce. Ta ce ya kira shi duk abin da ya ga dama, shi da ɗinkin sallarta ke hannunsa tun watan Sha'aban.