Ire-iren Masu Neman Gida a Gefen Abuja

Tun da gwamnatin tarayya ta baro Legas ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, hayar gida a Maitama da Asokoro da Wuse ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Shi ya sa da yawa daga masu aiki a Sakatariyar gwamnatin tarayya suke kwana a Kubwa, Lugbe, Nyanya, Kuje, Gwagwalada ko Bwari. Bayan kuɗin haya, abu biyu mai shirin ƙaura yake aunawa: tsaron unguwa da cunkoson hanya. Masu wannan awo sun kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne Mai Agogo. Ba ruwansa da ko rufin ɗaki yana yoyo, tambayarsa ɗaya ce: "Minti nawa ne zuwa ofis?" Dillali ya san irinsa, don haka ranar Lahadi da hantsi yake kai shi duba gida, lokacin da titi yake fayau. Kafin ya gama gyara zama an iso mahaɗar AYA daga Nyanya, sai ya zube kuɗin shekara yana murna. Litinin ta farko ce take koya masa karatu a daidai Kugbo, inda motoci ke tsayawa cak, har ya sayi ayaba da jarida da abin cajin waya ta taga bai motsa ba. Daga ranar yana barin gida tun kafin assalatu, 'ya'yansa kuwa sai Asabar suke ganin fuskarsa da rana.

Sai Sarkin Bincike, wanda ya haddace laifin kowace unguwa. A ce masa Nyanya, ya kawo bam ɗin tashar mota na 14 ga Afrilu 2014. A ce Kuje, ya ce ai a nan aka fasa gidan yari a Yulin 2022. Bwari, ya tuno satar mutanen farkon 2024. Lokogoma, ya ce ambaliya. Yana zama wurin mai shayi yana bugun cikinsa, ya ƙirga 'yan banga, ya auna nisan caji ofis da ƙafa. Fargabarsa tana da tushe, ba a musu. Illar dai ita ce har yau yana ɗakin baƙi a gidan yayansa a Garki, kuma matar gidan ta daina amsa gaisuwarsa da fara'a.

Ɗan Isteti ya sayi kwanciyar hankali da kuɗinsa: katanga, waya mai ƙaya, masu gadi, da kuɗin tsaro duk wata. Ko kawunsa ne ya zo daga Katsina, a bakin ƙofa zai tsaya sai an buga waya. Tsaron nan iyakarsa ƙofar. Ranar da motarsa ta kwanta a gareji, yakan tsaya bakin titi yana ƙare wa fasinjojin kowace tasi kallo, don gudun 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi a cikin mota, har ya makara.

Akwai Ɗan Abuja na Baki. Gidansa yana Mararaba ta jihar Nasarawa, ko Madalla ta jihar Neja, amma a garinsu "Alhaji na Abuja" ake ce masa, bai kuma taɓa gyara wa kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yake ɗiban fasinja a hanyar ofis, da babbar rigarsa, yana ba da canji.

Mai Tawakkali yana tambayar masallaci da wurin mai tsire, ya ce sauran Allah ne mai tsarewa. Uwargida ce ke bin bayansa tana binciken makarantar yara, asibiti, wuta, da farashin kurar ruwa, kuma hukuncinta ake bi.

Dukkansu a hannun dillali ɗaya suke faɗawa, wanda ke karɓar kuɗin duba gida kafin a ga ko ƙofa. Amsar da yake ba kowannensu ba ta canzawa: "Ranka ya daɗe, nan lafiya lau ne, titin ma an kusa ba da kwangilarsa."