Tsintsiyar Tokyo Ta Fi Ta Keffi Ne?

Malam mai karatu, ajiye wayar nan tukuna, yau sai mun yi ta ta ƙare. Labarinka ya iso ni. An ce kai ne ka addabi majalisa da bidiyon yaran Japan suna share ajinsu, kana miƙa wa kowa ya gani, kana girgiza kai kana cewa, "Ku ga inda ake tarbiyya! Mu kam sai dai addu'a." To madalla. Gyara zama, kada ka ce sallah za ka je, lokaci bai yi ba.

Ka ce a Japan ɗalibai da kansu ke share aji, su goge daɓe, su raba wa juna abincin rana? Ban musa ba, haka abin yake. Amma kai da ka yi firamare a Tudun Kofa ko Liman Abaji, wa ya share maka naka ajin? Aljanu? Ba da tsintsiyarka a hammata kake fita daga gida ba, ka share aji, ka share fili, ranar aikin gayya ka zo da lauje? A lokacin sunan abin "wahala". Yau ɗanka ya dawo ya ce an sa shi shara, sai ga ka ka saɓa babbar riga ka nufi ofishin hedimasta kana huci: "Kuɗi na biya, ba boyi na kawo muku ba!" Da dare kuma ka kishingiɗa, ka buɗe Facebook, ka ci gaba da yabon Japan. Kai, Malam, ka ji tsoron Allah.

Ka ce ai tasu sharar daban ce? Yawwa, ka fara zuwa hanya. Tsintsiyar dai tsintsiya ce. Bambancin shi ne a can an ware wa shara lokacinta a jadawalin makaranta, kowa na yi, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, malami ma yana tsaye a cikinsu. Mu kuwa muka mai da ita gwale-gwale, hukuncin wanda ya makara ko wanda ya yi surutu. Yaron da aka koya wa cewa shara horo ce, don me ba zai jefar da ledar ruwa a kwata ba in ya girma? Ka ga, al'adar muna da ita. Riƙon ne muka yi mata na sakainar kashi.

Mu je ga gaisuwa. Ka ce tsugunawa gaban malami ƙauyanci ne, an wuce wannan zamanin? To bismillah, hau jirgi. A Japan ɗalibai kan miƙe su rusuna wa malami kafin darasi da bayansa. A Tailan akwai bikin girmama malamai da ake yi a farkon shekarar karatu, galibi ranar Alhamis, inda ɗalibai ke durƙusawa gaban malamansu su miƙa musu furanni. A Indiya yaro kan sunkuya ya taɓa ƙafar malaminsa don neman albarka, kuma ranar 5 ga Satumba kowace shekara ta malamai ce. Waɗannan duk ƙauyawa ne? Masu ƙera motar da kake tinƙaho da ita? Idan Bajafane ya tuɓe takalmi a ƙofar makaranta ka ce tsafta. Idan ɗanka ya tuɓe nasa a zauren malam ka ce duhun kai. Ni dai ban gane wannan awon naka ba, mudu biyu kake yawo da su.

Hajiya, na ga kina dariya. Kada ki yi saurin murna, layinki ya zo. Ba ke ce kika kai yaro makaranta tun bai bar nono da kyau ba, aka rataya masa jakar da ta fi shi nauyi, kina alfahari wai ya iya cewa "gud monin" kafin ya iya sallama? Kin ce Turawa haka suke yi? Waɗanne Turawan? A Finlan, ƙasar da duniya ke kai wa ziyara don ganin makarantunta, yaro ba ya shiga aji ɗaya na firamare sai shekarar da zai cika 7. Kafin nan yawancin abin da yake yi wasa ne da koyon zama da mutane. Tun 1948 ake ba ɗalibansu abincin rana kyauta, kuma malamin firamare sai ya yi digiri na biyu kafin a miƙa masa aji. Abin da ya kamata mu kwaikwaya ke nan, ba sa wa jariri nakatayi ba.

Ga kuma wadda za ta fi ɓata miki rai: da harshensu suke karatu. Mutanen Finlan ba su kai miliyan 6 ba, amma da yarensu yaro ke koyon lissafi da kimiyya. Haka Jamus, haka Japan, haka Koriya ta Kudu, haka Sin. Mu kuwa akwai makarantun da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji, mu kuma iyaye mu tafa.

Malam, na ji ka, ka dawo fili. Ka ce, "Ai Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba." Wa ya gwada ta ta gaza? Makarantar boko da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Bature ke nan fa, shi bai raina ta ba. A ƙasar Yarabawa kuma, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci, Turanci kuma aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su faɗi ba, sun ma fi takwarorinsu da aka koyar da Turanci fahimta. Ka ce ba ka taɓa ji ba? Ai ba za ka ji ba, tun da ba a Landan aka yi ba.

Ka ce, "To a Keffi wane yare za a ɗauka? Ga Bafulatani, ga Bagwandare, ga Eggon, ga Mada, ga Gade, ga Yeskwa, ga Afo." Wannan kam tambaya ce mai nauyi, na ba ka maki. Sai dai ka je kasuwar Keffi ka saurara da wane harshe duk waɗannan ke cinikin doya. Ba su jira wata ma'aikata ta yanke musu hukunci ba. Kuma yawan harsuna ba a kanmu aka fara ba: Suwizalan harsunan ƙasa huɗu gare ta, kowane yanki yana karatu da nasa, sannan ya koyi na maƙwabci. Ba na ce a kori Turanci ba, kada ka je ka yi mini sharri. Cewa na yi a bar yaro ya fahimci abin da ake faɗa masa tukuna, sannan a ɗora masa harshen baƙi.

Sai batun sana'a, inda girman kanmu ya fi yawa. Ka ce ɗanka ba zai zama "yaron gareji" ba, sai digiri ko da na zaman kashe wando ne? To a Jamus, ƙasar Mercedes, samari da 'yan mata masu ɗimbin yawa ta wannan hanyar suke bi. Yaro ya gama sakandare, ya shiga hannun kamfani ko mai sana'a na shekara 2 zuwa 3 da rabi, wasu ranaku yana wurin aiki, wasu yana makarantar sana'a, ana biyansa alawus, a ƙarshe ya yi jarrabawa a ba shi takardar shaida. Sana'o'in da hukuma ta amince da su a wannan tsari sun haura 300. Yanzu ka dubi garejin makanikai da shagunan teloli da masu walda da kafintocin Keffi. Me suke yi in ba wannan ba? Yaro ya zo hannun oga, ya fara da miƙa sifana, ya kai ga kwance inji, a yaye shi. Abin da Bajamushe ya fi mu shi ne ya haɗa wa yaron karatu da lissafi, ya yi wa tsarin doka, ya ba takardar daraja. Mu kuwa muka bar oga da yaronsa a rana, sai motarmu ta mutu a hanyar Akwanga mu tuna da lambarsa.

Ka ce ko ba komai karatun waje akwai hutu, ba wannan azabar jarrabawa? Wayyo, Malam, wa ya yaudare ka? A Koriya ta Kudu, ranar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba, ofisoshi kan jinkirta buɗewa don hanya ta sarara wa ɗalibai, 'yan sanda kan ɗauki wanda ya makara su kai shi, kuma ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kusan rabin awa don kada ƙara ta dami masu jarrabawar sauraron Turanci. Yaran can sukan tashi daga makaranta su wuce lesin har dare. A Sin, waɗanda suka yi rajistar irin wannan jarrabawa a 2024 sun haura miliyan 13. Kai da ɗanka ya yi makonni kaɗan yana duba tsoffin tambayoyin JAMB har ka yanka masa kaza don ya rame, me za ka ce? Kuma kada ka ɗauka Koriyawan suna jin daɗin abin. Su kansu suna kukan nauyin da aka ɗora wa 'ya'yansu. Kowace ƙasa da inda takalminta ke matse ta.

Na san inda ka ɓoye babbar sandarka. Ka ce, "To sai ka yabi makarantar allo ma, mu ji." Zan yaba kuwa. Allo da tawada ba namu kaɗai ba ne, da su ake haddar Alƙur'ani a Maroko da Muritaniya da Sudan da Somaliya. Ka ce bara fa? Tsaya nan. Allo daban, ƙoƙon bara daban, kuma yaro ƙarami yana gararamba a tasha ba takalmi abin kunya ne gare mu duka, ni da kai. Amma dubi abin da wasu suka yi da irin wannan gado. Maroko ta sa makarantunta na gargajiya ƙarƙashin ma'aikatar harkokin addini, da manhaja da jarrabawa da takardar shaida. Indunusiya ta yi wa makarantunta na kwana na addini doka ta musamman a 2019, kuma Abdurrahman Wahid, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1999 zuwa 2001, a irinsu ya tashi. Su sun gyara nasu. Mu muna tsaye tsakanin mai cewa a rushe da mai cewa kada a taɓa, yaron kuma yana can yana jiran ragowar tuwo.

Abin dariyar shi ne, abin da muka zaɓa muka kwaikwaya daga waje shi ne wanda ya fi rashin amfani. Ranar bikin yaye ɗalibai, ga zafin Keffi yana tafasa ƙwaƙwalwa, sai ka ga mutum cikin kwat, an ɗora masa doguwar riga mai nauyi, an kifa masa hula mai faifai. Tufafin nan asalinsu na malaman jami'o'in Turai ne na ɗaruruwan shekaru da suka wuce, masu karatu a ɗakuna masu sanyi. Lauyanmu kuma yana gumi ƙarƙashin hular gashin doki, alhali a Ingila kanta alƙalan ƙararrakin da ba na laifi ba sun ajiye ta tun 2008. Yanzu har 'yan nazare ana sa wa wannan rigar, a karɓi kuɗin haya a hannunka, ka biya kana murmushi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ka ce ashe dai ni maƙiyin boko ne? Subhanallahi! A Keffi za a yi mini wannan ƙazafi? Garin Kwalejin Gwamnati, wadda aka kafa a 1949, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969? Garin Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda ta fara aiki a 2002 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ɗan garin, wadda yau ma'aikatan Abuja ke keto cunkoson Mararaba don su zo su yi digiri na biyu a cikinta? Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa III, masanin shari'a ne da ya kai ƙololuwar karatun zamani, ga shi kuma bisa gadon kakanninsa da rawaninsa. Wa ya ce sai an zubar da ɗaya ake ɗaukar ɗaya?

Kuma ka tuna wane gari ne wannan. Nan ne garin da Abdu Zanga ya kafa. Nan ne a 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano wurin Sarki Alu, abin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na auka wa Kano a 1903. Ba cewa nake a ɗauko takobi ba, ajiye shi, zamanin ya wuce. Amma garin da ya taɓa tsayawa ido da ido da Bature bai kamata 'ya'yansa su riƙa rawar jiki ba duk sanda aka ce abu daga waje ya zo.

Ka ce to a daina fita waje karatu ke nan? Ina! Tafiya mabuɗin ilimi ce. A je Alƙahira, a je Landan, a je Kuala Lumpur, a je Tokyo in akwai hali. Amma a je da ido, ba da baki buɗe ba. Wanda ya lura zai ga ƙasashen nan ba su ci gaba don sun yar da al'adunsu ba. Kowacce ta ɗauki abin da ta gada, ta shigar da shi aji, ta horar da malami, ta biya shi, ta ciyar da yaro, ta tsaya a kan abin shekara da shekaru.

Saboda haka, Malam, ga aikin gida, kuma zan duba. Gobe in an sa ɗanka shara, ka saya masa sabuwar tsintsiya. In an kira taron iyaye da malamai, ka je da ƙafarka, ka tambayi yadda ake koyarwa da yadda ake biyan malamai, ba kuɗin rigar biki kaɗai ba. In yaronka ya nuna hannunsa na sana'a ne, ka kai shi wurin oga na gari ba tare da ka cire shi daga makaranta ba. In kuma har yanzu kana da ja, majalisa tana nan bayan la'asar. Ka zo da hujja, shayi kuma kai za ka saya.